Itatuwan Gonar Aro

A ƙasar Damagaram, idan aka ba mutum aron gona, ba a rubuta masa takarda, ba a kuma karanta masa sharuɗɗa, domin kowa ya san su tun yana goye. Ya shuka gero, ya shuka wake, ya kai taki in yana da shi, ya ci abin da Allah ya ba shi. Abu biyu ne ba ya yi: ba ya haƙa rijiya, ba ya dasa itace. Gero baƙo ne, wata uku ya tafi. Itace kuwa ɗan gida ne, yana nan tsaye bayan wanda ya ba da aron ya mutu, wanda aka ba ma ya mutu. Ranar da jikoki suka gurfana gaban mai gari, itacen ne zai ba da shaida, kuma shaidarsa ta wanda ya dasa shi ce.

Mutari ya gaji wannan ƙa'ida tare da gonar da yake nomawa, a wani ƙauye na ƙasar Gaffati. Ubansa ne ya fara karɓar ta a hannun wani attajirin Birnin Damagaram, Babarbare mai fataucin fata da kanwa. Attajirin ya rasu, ɗansa Alhaji Modu ya ce a ci gaba yadda aka saba. Uban Mutari ya rasu, aka sake cewa haka. Kowace kaka Mutari yakan zaɓi dami mafi kyau ya ɗora wa jaki ya kai Birni, ba don ladan gona ba, sai don a san ana tune da mai ita. Ban da wannan gonar ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a duniya, kuma baki bakwai ne ke ci daga cikinta.

Akwai ƙa'ida ta biyu, wadda ba ta masu gona ba ce, ta manoma ce a tsakaninsu. In bazara ta kama, kowa ya ɗauki gatari ya yi sassabe. Duk tohon sabara, ko kalgo, ko gawo da ya fito a rani, a sare shi daidai da ƙasa, a tara a ƙone. Gonar manomin kirki sai ta zama fes kamar tafin hannu, har mutum ya tsaya a wannan iyaka ya hango kurciya a waccan. Wanda ya bar kurmi a gonarsa rago ne, kuma ba a ba ɗan rago mata cikin sauƙi. Mutari ya shekara talatin yana sassabe, bai taɓa tambayar kansa me ya sa tohon nan yake dawowa wuri ɗaya kowace shekara ba.

Sai ruwa ya fara janyewa. A bazarar 1983 rumbuna sun riga sun yi sauƙi, kuma tudun rairayin da ke gabas da ƙauyen, wanda a da yake zaune wuri ɗaya da ciyawa a gadon bayansa, ya tuɓe ya fara tafiya. Ba a ganin tafiyarsa. Sai dai mutum ya lura cewa hanyar da yake bi zuwa kasuwa ta shige ƙarƙashinsa, ko kuma wata aduwa da ake ɗaure jaki a gindinta yanzu rassanta kawai ke waje.

A wannan bazarar wani furoje, wato aikin taimako na hukuma, ya zo da babbar motar kamiyo cike da ƙananan itatuwa a cikin baƙar leda, dogon yaro da turare, za a dasa su layi-layi a gaban tudun don su tsare shi. Duk wanda ya haƙa ramuka za a auna masa jar dawa. Mutari ya shiga aikin domin babu yadda zai yi, babban ɗansa kuma ya tafi Kano cin rani bai dawo ba. Kafin a gama ramukan furoje lokacin sassabe ya kusan wucewa. Da ƙyar ya share rabin gonarsa na yamma, rabin gabas kuwa ya shuka shi haka nan, a tsakanin kurmi.

Taubashinsa Sha'ibu, mai ƴaƴa maza uku da suka share masa tasa tas, bai bar shi ya huta ba. Duk inda suka haɗu sai ya tambaye shi lafiyar kuraye, ya kuma ce in zai shiga gonar ya riƙa ɗaura ƙararrawa a wuya don a same shi. Mutari yakan ce masa ai ya bar kurmin ne don Sha'ibu ya sami wurin ɓuya ranar da matarsa ta kore shi. Ana dariya, amma abin yana cin Mutari a rai, har ya riƙa zagayawa ta bayan gari don kada ya bi ta majalisa.

Daminar ta zo da hadari mai yawan iska da ƙarancin ruwa. Sama ta gabas takan yi ja, sannan iska ta taso da yashi tana yankan ƙaramin gero kamar aska, abin da ba ta yanka ba ta binne shi. Sau uku Mutari ya shuka rabin yamma. A rabin gabas shukar farko ce ta tsaya. Ya durƙusa a bayan wata sabara ya ga yadda yashi ya taru a gabanta bai wuce ba, ganye ya zube a gindinta, gara ta ja shi cikin ƙasa, gero kuma ya tsaya kore a wurin da iska ba ta same shi ba. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Lubabatu.

Ranar da aka gama dashen furoje, shugaban aikin ya ba kowane ma'aikaci itace biyar ya kai gida. Mutari ya san ƙa'ida, don haka a tsakar gidansa ya dasa su, kuma kafin watan ya ƙare awaki sun ci uku, biyu sun bushe. Amma hanyar da ya bi da su a ka, cikin kwando, ta gefen gonarsa ta ratsa, kuma mutane sun gan shi.

Da bazara ta sake zagayowa ya shiga rabin gabas da gatari, ya daɗe tsaye. Kurmin ya yi yawa, zai hana gero rana. Ya kasa sarewa, ya kuma kasa bari. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a kowane gindi ya zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya share na ƙasa-ƙasa har zuwa ƙugunsa. Abin da ya datse ya shimfiɗa a kan yashi bai ƙone ba, masu kauri Lubabatu ta kwashe ta yi girki. Rassan da aka bari, da suka ga babu mai raba musu abinci, sai suka miƙe da saurin da Mutari bai taɓa gani ga itace ba.

Daminar 1984 ita ce wadda har yau tsofaffi ba sa son a tuna musu. Makiyaya suka yi ta wucewa kudu da shanun da ƙasusuwansu ke motsi a ƙarƙashin fata, wasu suna faɗuwa a bakin hanya, ungulu na biye. Dashen furoje, dubbai, ya tsaya sanduna. In ban da dogon yaro kamar ashirin na kusa da rijiya, waɗanda mai gadi ke bai wa ruwa, babu abin da ya rage sai allon ƙarfe mai rubutun Faransanci, da baƙar leda da iska ke tonowa tana maƙalawa a ƙaya. Tudun ya taka layin farko da na biyu ya wuce. A ƙauyen akwai waɗanda ba su ɗaure ko dami ɗaya ba. Mutari bai sami komai a yamma ba, amma a gabas ya ɗaure dami goma sha huɗu, ga wake kaɗan.

Da ya zaɓi mafi kyau zai ɗora wa jaki, Lubabatu ta tsaya a bakin rumbu. Ta ce masa bana ba shekarar kai dami ba ce, babu wanda zai kai, babu kuma mai gonar da zai yi fushi. Wanda ya ratsa Birni da dami a irin wannan shekara, in ji ta, tamkar ya ɗauki maroƙi ne yana yi masa shela.

Ya ce, "Ubana bai taɓa fashi ba, Luba. Ko shekarar da ya kwanta ciwo ni ya aika."

Ta ce, "Ubanka bai ga bana ba, Malam."

Ya kai damin. A lungunan Birni mata suka riƙa leƙowa daga ƙofar gida suna bin jakin da ido, wani baduku ya ajiye fatar da yake ɗinki ya tambaye shi wace ƙasa ce wannan da aka yi ruwa. Alhaji Modu ya sa masa albarka, ya ba shi goro, bai tambaye shi komai ba. Amma ƙaramin ɗansa Gana, wanda ke aikin ofis a wani biro kuma shi ke riƙe da al'amuran gidan tun da ƙafafun tsohon suka gaza, ya zare zangarniya ɗaya ya murza ta a tafinsa, ya daɗe yana duban ƙwayar.

Rani ya wuce da wahalarsa. Sha'ibu ya daina maganar kuraye. Wata rana ya zo gonar Mutari kamar mai neman akuya, ya zagaya, ya dafa wani gawo da ya riga ya fi shi tsawo, sannan ya tambaya, yana duban wani wuri dabam, reshe nawa ake bari. Shi ma gonarsa ta aro ce, kamar yawancin gonakin wannan gefen gari. Kafin bazarar 1985 ta yi nisa, shi da wasu mutum huɗu sun fara datse nasu tohon yadda Mutari ya nuna musu. Mutari kansa ya ƙudura bana zai yi wa rabin yamma haka.

A cikin wannan hali ne aka ji ƙarar mobilet, ɗan ƙaramin babur, wata safiyar Lahadi. Gana ne. Bai shiga gari ba, gona ya nufa, ya kafe mobilet ɗin a kan iyaka ya tsaya yana kallo. Mutari ya taho da sauri, kuma da ya tsaya kusa da shi ya dubi gonar da idon baƙo, sai ya ga abin da Gana ke gani. Itatuwa ne miƙaƙƙu, gindinsu a share, kowanne da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kurmi ba ya tsayawa haka. Duk wanda ya gani zai rantse hannu ne ya sa su.

Gana ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce an gaya masa an ga Mutari da itatuwan furoje a kwando yana nufar nan. Ya ce shi ba ya zargin kowa da mugun nufi. Amma gidansu ya taɓa rasa gona a ƙasar Dogo ta wannan hanyar, a kan mangwaro uku da wani ya dasa, jikokinsa suka tsaya a kansu. Baba ya tsufa. Ba ya so ranar da babu shi a ce sun yi sakaci.

Ya ce, "Malam Mutari, kafin ruwan shuka a sare su, gonar ta koma yadda kakana ya ba da ita. In kuwa ba za ka iya ba, sai ka mayar mana."

Mutari ya rantse bai dasa ba, ya ce ai furoje dogon yaro ya kawo da turare, waɗannan kuwa gawo ne da kalgo da sabara. Gana ya ce shi ɗan birni ne, bai san wannan bambancin ba, kuma alƙalin da zai zauna bayan shekara arba'in shi ma ba zai tambaya ba.

Kwana biyu Mutari yana juya maganar. In ya sare, gonar tana hannunsa, amma gonar da iska za ta aske sau uku ta bar shi da rumbu wayam. In ya ƙi, babu gonar gaba ɗaya. A rana ta uku ya yi sammako ya tafi Birni a ƙafa.

Gidan Alhaji Modu ya sauya tun kaka. Zauren da ake zama a sarari yanzu cike yake da tabarmi da ƙullin kaya. Dangi ne daga gabas, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suka taho da mata da yara suka sauka a gidan babban ɗan'uwa. Maza majiya ƙarfi suna zaune jingine da bango, hannuwansu a kan gwiwa, ba su da abin yi. Mutari ya ratsa su da sallama, ya durƙusa gaban tsohon, wanda ke kishingiɗe a kan buzu.

Alhaji Modu ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce ya yarda da shi, ya san ubansa, ya san irin gidan da ya fito. Amma itace ba ya magana, kuma in shi ya mutu, Mutari ya mutu, wa zai ce ba a dasa ba?

Mutari ya ce, "Baba Alhaji, a tona. Abin da aka dasa shekara biyu, saiwarsa ba ta fi yatsa ba. A tona gindin duk wanda aka ga dama a gaban mai gari. In aka sami saiwar yaro, ni da hannuna zan sare su duka."

Bai san abin da za a samu ba. Abin da ya sani kawai shi ne shekara talatin yana sare toho a wurare guda, kuma abin da ake sarewa shekara talatin bai mutu ba, lalle akwai abin da ke riƙe da shi a ƙasa. Tsohon ya ce Gana zai zo ranar Lahadi.

Ran Lahadi da hantsi rabin gari ya hallara a gonar. Aka shimfiɗa wa mai gari tabarma a ƴar inuwar kalgo. Gana ya zaɓi wani gawo da kansa, wanda ya fi kowanne miƙewa. Mutari ya kama dagi, Sha'ibu yana kwashe ƙasa da ƙwarya, yana cewa a hankali, don Mutari kaɗai ya ji, in suka tono leda shi dai bai san shi ba, ba su haɗa kaka ba.

Ba su kai kamu ɗaya ba dagi ya bugi abu mai tauri. Suka faɗaɗa ramin. Sandar gawon, wadda ba ta fi damtsen mutum kauri ba, ashe daga gefen wani kututture ta fito, baƙi, mai faɗin bakin turmi, kansa cike da tabon tsofaffin sara, sabo a kan tsoho. Suka bi shi ƙasa har ramin ya kai ƙirjin Mutari, saiwar ba ta ko fara sirancewa ba. Gana ya ce a tona wani. Aka tona kalgo, aka tona sabara, duk haka.

Mai gari ya sa aka kama shi ya leƙa ramin. Ya ce ya tuna. Yana saurayi wannan wurin duhu ne da gawo, har ana tsoron bi da rana tsaka. Zamanin gyaɗa ne attajirin, uban Alhaji Modu, ya kawo garmar shanu, ya sa aka kwantar da su don garma ta wuce. Ashe ba su mutu ba, ƙasa suka shige suna jira. Sannan ya gyara murya ya yanke magana a gaban shaidu: Mutari bai dasa ba. Itatuwan na gonar ne tun asali, gonar kuma ta gidan Alhaji Modu ce.

Rabin farko na maganar kawai Mutari ya ji. Ya fito daga ramin yana karɓar barka. Sai da hayaniya ta lafa ya lura Gana bai tashi daga bakin ramin ba. Yana tsugune ya ɗebi ƙasar da aka tono yana murzawa, kamar yadda ya murza zangarniyar nan. Ƙasar sama-sama ta yi duhu, tana da ɓarɓashin ganye, tana kama hannu. Ya ɗaga kai ya dubi gonakin da ke kewaye, farare fat har iyakar gani, iska na kwasar fuskarsu. Ya sake duban ta hannunsa.

Ya ce a yafe masa zargin da ya yi. Ya ce kada a sare ko ɗaya. Sannan, kamar maganar wucewa, ya tambayi dami nawa wannan gefen ya ba da bara. Mutari ya buɗe baki, amma wani daga cikin taron ya riga shi, da alfahari, ya ce goma sha huɗu, a shekarar da ko tsuntsu bai samu ba.

Da ya ba Lubabatu labari a gida, ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da tankaɗe. Can ta tambaye shi ko mazan nan da ya gani a zauren Alhaji manoma ne. Ya ce da alama.

Bayan kwana takwas mobilet ya dawo, wasu mutum biyu na biye a kan jakuna, da hauya ɗaure a gefe. Wannan karon Gana gida ya zo, ya zauna a zaure, ya ajiye ƙullin goro a gaban Mutari. Bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ce Baba na gaisuwa. Ya ce Mutari ya ga halin da gidan ke ciki da idonsa, mutum talatin da wani abu a kan tukunya ɗaya, fatauci ya mutu, albashinsa ba ya kai tsakiyar wata. Baba ya ce rabin gabas zai dawo hannun gida, waɗannan ƴan'uwan za su noma shi. Rabin yamma kuwa yana hannun Mutari har ƴaƴansa, babu mai taɓa shi.

Babu inda aka karya ƙa'ida. Mai gona yana da ikon karɓar abinsa muddin ba a shuka ba, kuma an zo da goro, an zo da ladabi. Hujjar da Mutari zai kawo kuwa ita ce wadda ya riga ya rushe da dagi a gaban gari duka. Da hannunsa ya tono shaidar cewa ba shi da komai a cikin itatuwan nan.

Ya ce, "A gaida Baba Alhaji. A ce masa na ji, na gode da abin da aka bar mini."

Ɗaya daga cikin baƙin, dattijo mai tsage a fuska, ya roƙe shi in ya sami sarari ya nuna musu yadda ake datse rassan. Mutari ya ce to.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Washegari da Mutari ya fita, tun daga bayan gari ya fara jin sara. Ba daga wuri ɗaya ba. Ya bi ƙarar har gonar Sha'ibu, ya same shi da ƴaƴansa uku suna kwantar da tohon da suka datse da kyau makonni kaɗan da suka wuce, suna sarewa daidai da ƙasa, suna tarawa. Can gaba hayaƙi ya riga ya tashi a gonaki biyu.

Ya ce, "Sha'ibu, ka ga abin da ke ƙarƙashinsu da idonka. Kai ka kwashe ƙasar."

Sha'ibu bai daina sara ba. Ya ce, "Na gani, ɗan kawu. Na kuma ga goron da aka kawo maka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

Mutari ya ce iska za ta cinye masa shuka. Sha'ibu ya miƙe, ya share zufa, ya ce iska tana cin shuka ta bar gona, mai gona kuwa gonar yake ɗauka. Gara ya riƙe fako a hannunsa da ya gyara wa ƴan Birni dausayi. Babu wasa a muryarsa, kuma wannan ne karo na farko tun suna yara da suka rabu ba wanda ya tsokani wani.

Mutari ya wuce zuwa abin da ya rage masa. Rabin yamma yana kwance fari, iska ta zana masa layi-layi kamar bayan kifi. Amma nan da can toho ya fito, a wuraren da ya saba fitowa, cunkus-cunkus, ƙura ta rufe ganyensa. Yanzu ya san abin da ke ƙarƙashin kowanne. Ya tsaya a kan wani ƙaramin gawo da gatari a kafaɗa, har rana ta take tsaka bai motsa ba.

A nan Lubabatu ta same shi da ƙwaryar ruwa da ɗan gari a ciki. Ta dubi gatarin, ta dubi tohon, ta tambaye shi sarewa zai yi ko datsewa.

Ya ce ba ko ɗaya. In ya sare, yunwa. In ya datse suka miƙe suka yi kyau, wata rana mobilet zai sake tsayawa a kan iyaka. Zai bar su yadda suke, kurmi, ya shuka a bayansu. Duk mai wucewa ya ce Mutari ya lalace, baƙin ciki ya mai da shi rago. Babu mai sha'awar gonar rago.

Ta ce, "Kurmi zai ɓoye ƙasa, Malam. Da kaka fa? Dami ba ya ɓuya."

Ya sha ruwan, ya miƙa mata ƙwaryar. Ya ce zai kai, ubansa bai taɓa fashi ba. Amma zai zaɓi wanda ya fi kowanne rama, mai ƙananan zangarniya, wanda tsuntsu ya fara ci. Da ya faɗi haka sai ya ji kunya ta kama shi, kamar uban na tsaye a bayansa.

Ta gabas sama ta fara ja. A tsohon rabinsa baƙin nan biyu suna zagaya itatuwa suna dafa su, kan gawon yana kaɗawa a sama da su. Daga can baya tudun rairayi yana hayaƙi ta ƙoƙuwarsa, kuma tsakaninsa da gari yanzu babu komai sai gonakin da aka share tas, da tokar sassabe mai ɗumi. Iska ta iso, ta kwantar da hayaƙin gonar Sha'ibu a ƙasa, ta fara watsa musu yashi a ƙafa. Ko da ruwa a bayanta ko babu, ba mai iya cewa. Lubabatu ta ja mayafi ta rufe fuska, Mutari ya ajiye gatarin a bayan kurmin gawo, inda yashin ba ya kaiwa, suka tsuguna a wurin su biyu suna jira ta wuce.